Musulmi A Gidan Abincin Sinawa: Yaushe Tambaya Ke Zama Wajibi?

 

Akwai wata al'ada da ta zauna da gindinta a manyan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, watau fita cin abinci a waje. A da magidanci ba ya cin tuwon sayarwa sai in tafiya ta kama shi, har ma akan ɗauki yin haka alamar gwauranci. Yanzu kuwa mai gida kan kwashi iyalinsa ranar Asabar da dare, ɗan kasuwa kan gayyaci abokin cinikinsa, ma'aikaci kan so ya karrama baƙon ofis, duk su nufi gidan abinci. Daga cikin gidajen da ake ɗauka da daraja ƙwarai har da na Sinawa. Su kuwa Sinawa ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Tun a 1964 wani attajirinsu mazaunin Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, a 1971 aka ƙulla hulɗar jakadanci tsakanin Nijeriya da ƙasar Sin, daga baya kuma 'yan kasuwarsu suka shigo Kantin Kwari da atamfofinsu. Inda mutane suka sauka kuwa, nan tukunyarsu kan sauka.

To, ga Alhaji ya zauna da baƙinsa, an miƙo masa takardar jerin abinci cike da sunayen da bai taɓa ji ba. Ya san dai Sinawa na cin alade, bai kuma san wanda ya yanka saniyar ko kazar ba, saboda haka sai ya tsallake shafin nama ɗungurungum, ya ɗora yatsa a kan kifi da jatan lande da soyayyiyar shinkafa, yana cewa a ransa ai abin ruwa ba ya bukatar yanka. Aka kawo, ya yi bismilla, ya ci, ya biya, ya tashi da natsuwa. Shin wannan bawan Allah ya sauke nauyin da ke kansa, ko kuwa da sauran magana?

Sai a fara ba shi gaskiyarsa, gama yana da ita. Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta farautar teku da abincinsa a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida. Imamu Maliku kuma ya ruwaito a Muwaɗɗa, daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da yin alwala da ruwan teku, sai ya sanar da shi ruwan mai tsarkakewa ne, ya ƙara masa da abin da bai tambaya ba, cewa mushen teku halal ne. Akwai kuma labarin rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrahu, mutum 300 da guzurinsu ya ƙare a gaɓar teku har suka koma cin ganyen itace, sai teku ya jefo musu wani ƙaton kifi matacce da Larabawa ke kira Anbar. Suka yi rabin wata suna ci, suna shafa kitsensa, har jikinsu ya murmure. Don a gane girmansa, Abu Ubaida ya sa aka kafa haƙarƙarinsa, mahayin raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. Da suka koma Madina suka ba da labari, Annabi ya gaya musu arziki ne Allah ya fitar musu, ya nemi ko da saura, aka ba shi ya ci.

A kan waɗannan hujjoji malaman Malikiyya suka faɗaɗa ƙofa fiye da kowa. A wurinsu duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, kifi ne ko ƙaguwa ko jatan lande ko kififiya ko 'yan halittun nan masu ɓawo, an kama shi da rai ko an tsince shi matacce, Musulmi ya kama ko waninsa. An ma taɓa tambayar Imamu Maliku game da wata dabbar teku da ake ce wa aladen ruwa, ya ƙi ba da amsa kai tsaye, ya nuna sunan da suka laƙaba mata ne ya dame shi. Shafi'iyya da Hambaliyya sun kusanci wannan, sai dai sun cire irin su kwaɗo da kada. Hanafiyya kuwa kifi kaɗai suka halatta, shi ma ban da wanda ya mutu da kansa ya taso saman ruwa, sa'an nan sun yi saɓani a tsakaninsu a kan jatan lande, ko kifi ne ko ba kifi ba. Don haka in Bahaushe ya zauna tebur ɗaya da mutumin Pakistan ko Turkiyya ya ga ya kauce wa ƙaguwa, kada ya ɗauka tsanani ne, mazhabarsa yake bi.

Har ila yau Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a Risala, littafin da kowane almajirin fiƙihu a ƙasar Hausa ya sani, cewa ba a cin yankan Bamajushe, amma abincinsa da ba ya bukatar yanka ba haramun ba ne. Mafi yawan Sinawa ba Ahlul Kitabi ba ne, saboda haka hukuncin yankansu ke nan, hukuncin shinkafarsu da kifinsu da ganyensu kuma ke nan. Ashe dai Alhaji bai yi kuskure ba da ya zaɓi abin ruwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba ɗanyen kifi aka ajiye masa a faranti ba. Kifin ya bi ta kasko, kaskon kuwa yana da nasa labari. Alade shi ne naman yau da kullum a ƙasar Sin, wajen rabin naman aladen da ake ci a duniya can ake cinye shi, kuma amfaninsa a girkinsu bai tsaya ga tsoka ba. Akan soya ganye da mansa don ƙamshi. Akan dafa ƙashinsa tare da na kaza a yi romon da ake ɗiba a zuba a miya iri iri, har da miyar da ba a ganin nama ko ɗaya a cikinta. Soyayyiyar shinkafa sau da yawa takan zo da 'yan gutsattsarin naman alade da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar masara. Akwai wani ɗan curin fulawa da ake cusa wa jatan lande a turara, wanda akan gauraya cikinsa da kitsen alade don ya yi laushi. Mai ci yana kallon jatan lande ne, alhali kuwa ba shi kaɗai ke cikin lomar ba.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Sinawa suna da wata giyar shinkafa da ta ci sunan garin Shaoxing na lardin Zhejiang, ƙarfinta kan kai kashi 15 cikin 100 ko fiye, kuma a kicin ɗinsu tana zaune ne kusa da gishiri da citta. Babban aikinta shi ne kashe ƙarni. Watau abincin da Musulmi ya gudu zuwa gare shi don neman tsira, kifi da ƙaguwa da jatan lande, yana cikin waɗanda aka fi jiƙawa da ita kafin a ɗora a wuta, a kuma yayyafa musu ita suna cikin kasko. Mutane kan ce ai wuta na ƙone giya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 ya auna wannan magana, ya tarar in an zuba barasa a tafasasshen ruwa aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na nan, in an bar ta a wuta minti 15 kashi 40 na nan, ba ta sauka zuwa kashi 5 sai bayan awa biyu da rabi. Suyar Sinawa kuwa ta 'yan mintoci ce a kan wuta mai ƙarfi. Ko da ma ta ƙone ƙurmus, a wurin jamhurin malamai giya najasa ce, Shaihu Halilu kuma ya tabbatar a Muhtasar cewa abinci mai ruwa ruwa, komai yawansa, 'yar najasa kaɗan na ɓata shi, naman da aka dafa da najasa kuma wanki ba ya tsarkake shi. Ba a sa baƙin ruwan waken soya da suke ɗanɗana abinci da shi a wannan sahu, domin shi ba abin sha ba ne, ba ya sa maye, malamai da dama na wannan zamani sun kwatanta ɗan abin da tsimuwa ke haifarwa a cikinsa da na khalli.

To, ko wajibi ne Alhaji ya tambaya? Masu cewa a'a ba da ka suke magana ba, hujjojinsu masu nauyi ne. Na farko, Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa wasu mutane sun gaya wa Annabi ana kawo musu nama ba su san ko an ambaci sunan Allah wajen yankansa ba, sai ya umarce su su ambaci sunan Allah su ci. Na biyu, a Muwaɗɗa an kawo cewa Sayyidina Umar ya fita tafiya tare da Amru ɗan Asi, suka iso wani tafki, Amru ya tambayi mai tafkin ko namun daji na sha a wurin, Umar ya hana mutumin ba da amsa. Na uku ya fi duka ƙarfi. Imamu Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya lissafa a littafinsa Alfuruƙ wurare da dama da shari'a ta ajiye abin da ya fi yawan aukuwa ta yi hukunci da wanda bai cika aukuwa ba, don rahama ga bayi. Cikin misalansa har da abincin da Ahlul Kitabi suka girka da hannuwansu a cikin tukwanensu: galibi ba ya rasa najasa, amma duk da haka an halatta cinsa. In haka ne, in ji su, me ya kai Musulmi tone tone?

Amma wanda ya tsaya ya auna waɗannan hujjoji zai ga dukansu suna magana ne a kan abin da ka iya faruwa ba a sani ba: ko mahauci ya manta da bismilla, ko kura ta sa baki a tafki da dare, ko hannun mai girki ya taɓa wani abu. Wannan zato ne, shari'a kuwa ba ta ɗora wa mutum bin diddigin zato, gama in an buɗe wannan ƙofa ba mai sake cin komai a kasuwa. Mutanen da ke kawo naman nan a hadisin Nana A'isha ma Musulmi ne sababbin shiga, abin da aka koyar shi ne kyautata zato ga yankan Musulmi. Giyar da kuku ke zubawa a kifi kuwa ba tsautsayi ne ya jefa ta ciki ba. Tana cikin tsarin girkin, an koya masa ita tun yana yaron kicin, in ya bar ta ma sai maigidansa ya ce ya ɓata abinci. Bismilla ba ta mai da giya ruwa, ba ta mai da man alade man gyaɗa.

Sunna da kanta ta raba waɗannan hali biyu. Abu Sa'alaba Alhushani ya gaya wa Annabi cewa suna zaune a ƙasar Ahlul Kitabi, a ruwayar Abu Dawuda ya ƙara da cewa mutanen suna dafa alade a tukwanensu, suna shan giya a ƙorensu. Da aka ambaci abin a fili, amsar ta sauya: in sun sami wasu tukwanen su yi amfani da su, in ba su samu ba su wanke waɗannan da ruwa sa'an nan su ci. Ba a ce masa ya yi bismilla ya rufe ido ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin a kan wannan mas'ala ta bincike da tambaya, ya nuna tambaya ba hukunci ɗaya gare ta ba: wani lokaci wajibi ce, wani lokaci abin so, wani lokaci abin ƙi, wani lokaci ma haramun. Ma'auninsa shi ne alama. Wanda Musulmin da ba a san shi da wani aibu ba ya gayyace shi gida, ya tsaya tambayar daga ina abincin ya fito, ya cuci mai masaukinsa da mugun zato, cutar da Musulmi kuwa haramun ce tabbatacciya, ba a aikata ta don gudun haramun da ake zato. Amma in alama ta bayyana, shiru ya zama sakaci. A gidan abincin da aka rubuta alade ɓaro ɓaro a shafi na uku na takardarsa, aka jera kwalabe a bayan kanta, alama ta wuce bayyana. Sa'an nan mai gidan abinci ɗan kasuwa ne, tambayar abin da ke cikin haja ba ta cutar da ɗan kasuwa, cikin ciniki take.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Yawancin masu yin shiru a irin wannan tebur ba Alƙarafi ne ya sa su shiru ba. Mutumin da zai kwance dilar atamfa a Kwari ya ƙirga turmi ɗaya ɗaya, wanda ba zai sayi mota ba sai makaniki ya shiga ƙarƙashinta, shi ne ke jin nauyin tambayar yaron da ke kawo abinci abin da aka zuba a miya. In likita ya ce masa yana da ciwon sukari ko hawan jini, ba kunyar da za ta hana shi cewa a rage gishiri, a cire zaƙi, ko a gaban wa. Ashe kunyar tana zaɓen wuri. Wani yana tsoron kada abokan zama su ɗauke shi baƙauye wanda bai saba shiga manyan wurare ba. Wani kuwa, wannan ya fi muni, yana tsoron amsar ce, domin ya ɗanɗana abincin ya ji daɗinsa, ya kuma san in ya tambaya zai ji abin da zai raba shi da shi. Rashin sanin da ke zama uzuri a shari'a shi ne wanda mutum bai sami hanyar kawar da shi ba, ko bai ma san akwai abin tambaya ba. Wanda aka riƙe da gangan kamar laima, don a fake a ƙarƙashinsa, ba ya cikin wannan. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ke bayanin halal da haram da abubuwa masu rikitarwa a tsakaninsu ya kwatanta mai kutsawa cikin shubuha da makiyayin da ke kiwo a gefen makiyayar da aka killace, ya kuma ƙare da zancen zuciya, domin a can ake sanin dalilin da ya sa mutum ya yi shiru.

Sai dai kuma akwai rami a ɗaya gefen hanyar, shi ne waswasi. Wani in ya fara tambaya ba ya tsayawa: an ce masa babu alade, ya ce a rantse, an ce kaskon dabam ne, ya ce sai ya shiga kicin ya gani, daga nan ya koma tambayar addinin wanda ya wanke farantin. Wannan ba tsantseni ba ne. Malamai da dama sun karɓi maganar wanda ba Musulmi ba a sha'anin ciniki matuƙar babu alamar ƙarya, kuma jikin ɗan Adam ba najasa ba ne. Buhari ya ruwaito cewa a wata tafiya Annabi ya sa an ɗebi ruwa daga salkunan wata mata mushrika, sahabbai suka sha, mai janaba ya yi wanka. Kaskon ƙarfe da farantin tangaran in an wanke su da ruwa har abin ya gushe sun tsarkaka. Abin da ya fi cancantar a kula da shi shi ne man suya da ake tsoma komai a cikinsa tun safe, da romon da aka riga aka haɗa.

Wuri ma yana sauya hukunci. Gidan da ke tsakiyar garin Musulmi, masu cin abincinsa galibi Musulmi, namansa daga kwatar gari, babu alade a takardarsa, asalinsa tsarki ne, tambaya ɗaya a kan giyar girki ta wadatar, in an amsa kuma ba a sake ta kowane zuwa. Ba daidai yake da gidan da ke Ikko ko Landan ba, balle wanda ke cikin ƙasar Sin kanta.

Kada kuma wani ya fahimci cewa girkin Sinawa ba ya yiwuwa sai da alade da giya. A ƙasar Sin akwai Musulmi miliyoyi tun ƙarnoni masu yawa. Ƙidayar 2020 ta nuna ƙabilar Hui ta haura miliyan 11, ta Uygur ma haka. Suna da gidajen abincinsu masu ɗauke da alamar da suke kira Qingzhen, ma'anarta tsarki da gaskiya, ita ce halal a bakinsu. Taliyar nan ta birnin Lanzhou da ake ja da hannu a zuba mata romon naman sa, wadda ta game ƙasar duka, daga hannun Musulmin Hui ta fito. Fataken ƙasar Hausa da ke zuwa sarin kaya Guangzhou sun san unguwar Xiaobei da gidajen abincin Musulmi da ke cikinta, a birnin kuma akwai masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafiya tsufa a ƙasar. Saboda haka kukun Basine ba zai ji baƙon abu ba in an ce masa a dafa ba alade, ba mansa, ba romonsa, ba giya. Ya san masu irin wannan bukata tun a gida, citta da albasa da lemun tsami kuma suna kashe ƙarni.

Nauyin ya fi yawa a wuyan wanda ya yi gayya. Baƙo ba zai iya titsiye mai masaukinsa ba, saboda dalilin da Gazali ya faɗa, matar aure da yara kuma abin da mai gida ya zaɓa suke ci. Sun miƙa masa amanar cikinsu ke nan. Ya fi kyau ya yi tambayarsa tun kafin ranar, ko ya keɓe da mai kula da wurin kafin baƙi su zauna, don kada a tsai da cokali a tsakiyar ci. Shi ma yaron da ke kawo abinci, wanda sau da yawa Musulmi ne, yana da nasa kason. In Alhaji ya ce masa, "Samari, akwai giya ko man alade a cikin wannan?" bai halatta ya amsa da "Babu komai, ranka ya daɗe" don kawai ya faranta masa ko don kada ciniki ya kuɓuce ba. In bai sani ba ya ce bai sani ba, ya shiga ciki ya tambayo kuku.

Wanda kuwa ya tambaya aka ba shi amsa, ya ci, daga baya ta bayyana an yaudare shi, babu zunubi a kansa, laifin yana wuyan wanda ya yi ƙaryar. Abin da ya rage masa shi ne ya wanke bakinsa da hannunsa da duk inda romon ya ɗiga a rigarsa kafin ya tsaya salla. In ya riga ya yi salla da ita cikin rashin sani, a mazhabar Imamu Maliku ana so ya sake wadda lokacinta bai fita ba, wadda lokacinta ya wuce kuwa babu ramuwa a kansa.